Saniyata ta haifi tagwaye bayan wahalar naƙuda, ina neman shawara kan rainonsu

Mai gona daga Giwa:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu kiwo. Ina da shanu bakwai a 'yar gonata da ke bayan gari, a cikinsu akwai wata saniya ruwa biyu, uwarta Bunaji ubanta Firisiyan, irin shanun Turawa masu nono, wadda ta yi haihuwarta ta uku shekaranjiya da dare. Bisa lissafin da na rubuta tun ranar da aka yi mata barbara, saura kwana takwas ta cika wata tara da kwana goma, shi ya sa ban ma ware ta daga sauran ba. Tun la'asar na ga tana kwanciya tana tashi tana ɗaga wutsiya, faya ta fashe bayan magariba, amma har muka idar da isha'i kofato biyu kawai muke gani, ba hanci ba kai. Ni da yarona muka ɗaura igiya muka ja iya ƙarfinmu, ɗan bai motsa ba, sai nishin saniyar da ya ƙaru. Allah ya taimake mu da wani dattijo Bafulatani da ke maƙwabtaka da mu, wanda da isowarsa ya ce mu saki igiyar, ya wanke hannu ya zura har kafaɗa, ya daɗe yana lalube, sannan ya ɗago ya ce ƙafafun nan biyu ba na ɗa ɗaya ba ne. Ya tura ɗaya ciki, ya nemo 'yar'uwar ɗayar, ya gyara kan, muka fitar da namiji, sannan ya sake komawa ya fito da mace ta baya. Na auna su a buhu da sikeli, namijin kilo 18, macen kilo 15.

Yanzu ga inda nake. Mabiyiya ba ta faɗi ba har yau, tana reto a bayanta. Uwar tana lasar namijin, amma da macen ta matso sai ta ture ta da kai. Nonon wannan saniya kuma shi ne cefanen gidana. Ina so in ji yadda zan yi da uwar, yadda zan raini biyun, da kuma ko in ajiye macen ta zama saniyar gobe, domin uwarta mai nono ce sosai.

Likitan dabbobi daga Jos:
Wa alaikumus salam. Allah ya raya, kuma Allah ya saka wa wannan dattijo da alheri, domin da kun ci gaba da ja, da wuya a ce ba a rasa uwar ko 'ya'yan ba. Kafin in ce komai, Malam, ina so ka gaya mini lokacin da kowannensu ya fara shan daƙashi da kimanin yawan da ya sha, ka kuma gaya mini ko uwar tana cin abinci tana tuƙa, da ko an sa wani abu a cibiyoyinsu.

Mai gona daga Giwa:
Namijin ya miƙe da kansa ya kama nono kafin ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Macen ba ta iya tsayawa ba, mu kuma hankalinmu yana kan uwar, don haka sai da asuba matata ta tatso kamar rabin lita ta ba ta da gorar ruwa da aka sa wa kan roba. Uwar tana tsintar harawa kaɗan kaɗan, tana tuƙa amma ba kamar da ba. Cibiya kuwa toka muka barbaɗa.

Likitan dabbobi daga Jos:
To, Malam, zan faɗa maka gaskiya domin ka san inda za ka sa ido. Ɗan saniya yana zuwa duniya ba tare da garkuwar jiki ba, saboda mahaifar saniya ba ta barin sinadaran kariya su ratsa daga jinin uwa zuwa nasa, sai ta daƙashi yake samun su. Hanjinsa kuma ƙofa ce da ke rufewa a hankali: a sa'o'i shida na farko a buɗe take sosai, bayan sa'a goma sha biyu ta ragu ƙwarai, bayan kwana ɗaya cikakke ta rufe. Abin da ake so shi ne ya sha kimanin kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa a farkon wannan lokaci, wato macenka lita ɗaya da rabi take buƙata, ta samu rabin lita bayan kusan sa'a takwas. Wannan ƙofa ta riga ta rufe, saboda haka za ka raine ta ne a matsayin wadda garkuwarta ba ta cika ba. Ka ci gaba da ba ta nonon uwar na waɗannan kwanaki, domin ko bai shiga jini ba yana kare bangon hanji. Ka shimfiɗa mata busasshiyar ciyawa a inuwa nesa da kashin manyan shanu, ka wanke tokar nan ka tsoma cibiyoyin biyu a ruwan aidin mai ƙarfi, kuma kullum ka taɓa cibiya da gwiwoyi ka ji ko akwai kumburi ko zafi, domin ta cibiya cuta ke shiga ta sauka a gaɓoɓi.

Matashi mai kiwo daga Funtuwa:
Game da mabiyiya, Malam, a wajenmu ƙaramin dutse ake ɗaura mata domin nauyinsa ya jawo ta sannu a hankali. Akwai kuma allurar naƙuda da ake samu a shagunan magani, wani mai shago ya taɓa ce mini da an yi ta tun farko ma ba a shan wahalar haihuwa.

Likitan dabbobi daga Jos:
Ɗan'uwa, na gode da ka kawo wannan, domin mutane da yawa suna yi, amma ina roƙon kada a yi ko ɗaya daga cikin biyun. Mabiyiyar saniya a maƙale take da mahaifa a gurare masu yawa kamar maɓallan riga, idan aka ja ta da ƙarfi ko aka rataya mata nauyi sai ta yage, ta bar guntaye da raunuka a ciki. Idan ta wuce kwana ɗaya ba ta faɗi ba ana cewa ta maƙale, kuma hakan ya fi yawa ga saniyar da ta haifi tagwaye. Abin da za a yi shi ne a yanke abin da ke reto domin kada ta riƙa jan sa a ƙasa, a wanke bayanta, a bar sauran ya saki da kansa, wanda yawanci yakan ɗauki kimanin mako guda. Aikinka, Malam, shi ne auna zafin jikinta safe da yamma. Muddin yana tsakanin digiri 38 da 39 kuma tana ci, a ƙyale ta. Idan ya haura 39.5, ko ta daina tuƙa, ko nono ya janye farat ɗaya, a kira likita a ranar, kuma idan ya yi mata allurar kashe ƙwayoyin cuta ka tambaye shi kwana nawa za a yi ba a sha nonon ba.

Ita kuwa allurar naƙuda, aikinta shi ne ta sa mahaifa ta matse. Ka duba abin da ya faru a daren nan: 'ya'ya biyu sun cushe a hanya ɗaya. Da an yi allurar, mahaifar za ta riƙa matsa su a kan ƙofar da ba ta buɗuwa, kuma haka ne take fashewa. Ba a yin ta sai wanda ya san aikin ya sa hannu ya tabbatar hanya a buɗe take.

Abu na ƙarshe a nan, duk wanda zai taɓa mabiyiya ya sa safar hannu ko leda, a binne ta da zurfi kada karnuka su ja, kuma a riƙa tafasa nono. Haihuwa kafin lokaci da mako guda abu ne da aka saba gani ga mai tagwaye, amma cutar bakkale ma tana kawo haihuwa da wuri da maƙalewar mabiyiya, kuma tana kama mutum ta wannan ruwa da ta ɗanyen nono. Gwajin jini ne kawai zai raba gardama.

Baffa daga Yola:
Salamu alaikum. Jikana ne yake rubuta mini. Na haura shekara hamsin ina bin shanu, kuma abin da dattijon nan ya yi shi ne abin da iyayenmu suka koya mana: hannu yana riga igiya shiga. Ɗana mai gona, ka riƙe wannan domin gaba. Idan ka ga kofato, ka duba tafinsa. In tafin yana kallon ƙasa, galibi ƙafar gaba ce, sai ka nemi hanci a kwance a kan ƙafafun. In yana kallon sama, galibi ta baya ɗan ya taho, sai ka nemi wutsiya. In kana shakka, ka lanƙwasa gaɓoɓi biyu na farko: a ƙafar gaba duka biyun gefe ɗaya suke lanƙwasuwa, a ta baya kuwa ɗaya nan ɗaya can. Sannan kada ka yarda da ƙafa biyu sai ka bi kowace da hannunka har ta kai ka ga kafaɗa ɗaya da wuya ɗaya. Mu da yauƙin kuɓewa ko na dargaza muke shafe hannu da hanyar, domin sabulu yana busar da wuri. Ba a ja sai lokacin da saniyar ta yi yunƙuri, in ta huta kai ma ka huta, kuma ja yana bin ƙasa ne wajen ƙafafunta. Abin da ƙarfin mutum biyu bai fitar ba, babur ba zai fitar da shi da rai ba. Wanda ya taho ta baya kuwa, da zarar ƙugunsa ya fito ba a jinkiri, saboda cibiyarsa ta matse kuma kansa yana ciki. Kuma ko da ɗa ɗaya ya fito lafiya, in ka gan shi ƙarami fiye da girman cikin, ka sake sa hannu.

Likitan dabbobi daga Jos:
Allah ya ƙara girma, Baffa, abin da muke koyarwa a aji ke nan. Zan ƙara ma'aunin lokaci kawai. Idan faya ta fashe aka yi sa'a biyu ba ɗa, ko saniya ta yi rabin sa'a tana yunƙuri mai ƙarfi ba abin da ya ƙaru, lokacin dubawa ya yi. In ɗan ya fito bai numfasa ba, a share majinar hancinsa, a sosa cikin hancin da tsinken ciyawa, a goge jikinsa da ƙarfi, a zaunar da shi a kan ƙirjinsa. Kada a rataye shi kai a ƙasa, domin kayan cikinsa suna danne huhun da ake so ya buɗe.

Hajiya mai nono daga Tawa:
Sannu da arziki, Malam. Ni zan yi magana a kan nono, tunda shi ne sana'ata, kuma na san abin da ke zuciyar matarka idan ta dubi ƙwaryar da ta saba cikawa. Shanuna Azawak ne, irin waɗanda ake tacewa a tashar kiwo ta Tukunus da ke Nijar, kuma sau ɗaya na taɓa rainon tagwaye. Na yi kuskuren da nake so ka guje wa: na ci gaba da tatsa kamar yadda na saba, ina barin musu ragowa, mai ƙarfin ya riƙa shanyewa, kafin wata biyu ƙaramin ya zama ƙashi da fata, zawo ɗaya ya ɗauke shi. Shawarata ita ce ka sallama nonon nan gaba ɗaya na wata biyu. Ka ɗaure su a dangwali, safe da rana da yamma ka fara sakin macen ita kaɗai, wani ya riƙe kan uwar da ɗan dusa a gabanta, sai ta ƙoshi sannan a saki namijin. Domin uwar ta karɓe ta, ka shafa mata nonon uwar da ɗan gishiri a gadon baya da gindin wutsiya, saniyar da ta lashi ɗa sau biyu sau uku ta kusa karɓarsa. Idan akwai wata saniya a garken da ta haihu kwanan nan ko ɗanta ya mutu, ita ce mafi alherin mafita, in babu kuma nonon akuya yana riƙe maraƙi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne kunu da koko da mata ke ɗura musu da tausayi.

Matashi mai kiwo daga Funtuwa:
Hajiya, me ya sa kunu zai cutar, alhali hatsi ne, kuma shanu suna cin hatsi?

Likitan dabbobi daga Jos:
Babbar saniya tana cin hatsi ne da tumbin da ya riga ya ginu, shi kuwa jaririn maraƙi tumbinsa bai fara aiki ba, cikinsa nono kawai ya sani, ba ya iya narkar da gari ko sukari a makonnin farko, don haka kunu yakan wuce ya ruɓe a hanji ya zama zawo da kumburi. Madarar gari ta shayi ma ba abin dogaro ba ce, domin da yawa an cire man nono an sa man itace. In za a ba da nono da gora, a ba shi da ɗumi kamar na jiki, kimanin kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa a yini, a raba sau uku. Daga mako na biyu a ajiye musu ruwa mai tsabta da ɗan dusa da ganyen harawa mai laushi su riƙa tsinta, wannan tsintar ce ke gina tumbi. Tsakanin kwana 10 da 16 a ba su maganin tsutsa, saboda akwai wata doguwar tsutsa da ke bin nonon uwa ta shiga maraƙi, kuma tana da yawa a ƙasashenmu masu zafi. In zawo ya zo, a ba da ruwan gishiri da sukarin gulukos tsakanin shan nono, kada a yanke nonon.

Uwar kuma kada a manta da ita. Ta ɗauki biyu a tsakiyar rani, yanzu za ta shayar da biyu a watan Maris da ba ɗanyar ciyawa. A ba ta harawar wake ko ta gyaɗa ba awo, a ƙara dusa da ƙulin angurya kaɗan kaɗan kowace rana maimakon a jibge mata lokaci ɗaya, a ajiye gishirin lasa, ruwa kuma kada ya yanke, domin a wannan zafi za ta sha lita 50 ko fiye.

Mai gona daga Giwa:
Na gode ƙwarai. Saura maganar macen, wadda ita ce ta fi tsaya mini a rai.

Likitan dabbobi daga Jos:
Na bar ta ƙarshe ne domin ba mai daɗi ba ce. Macen da aka haifa tagwaye da namiji, fiye da tara cikin goma juya ce. Dalili shi ne a cikin saniya jijiyoyin jinin mabiyiyar tagwaye suna haɗuwa tun cikin yana ƙarami, jininsu ya gauraya, sinadaran namijin su isa ga macen su hana mahaifarta da ƙwayayenta ginuwa. Daga waje mace ce sosai, a ciki kuwa kayan haihuwar ba su cika ba. Da mata biyu ne, da ba wannan matsala.

Baffa daga Yola:
Likita, a nan zan ja da kai kaɗan. A garken mahaifina akwai wata saniya da aka haifa tare da namiji, na kiwata da hannuna, ta haifa mana 'ya'ya huɗu. Ba na son a yanke wa dabba hukunci tana kwana biyu a duniya, har mai ita ya yi sakaci da ita.

Ɗalibin koyon likitancin dabbobi daga Samaru:
Baffa, ranka ya daɗe, maganarka da ta Likita ba su ci karo ba. Akwai 'yan kaɗan da jijiyoyin ba sa haɗuwa, su ne ke tashi lafiya su haihu, taku tana cikinsu. Turawa suna kiran irin wannan juya firimatin. Wani likitan Birtaniya mai suna John Hunter ya yi bayaninta tun 1779, sannan a 1916 Frank Lillie na Jami'ar Shikago ya bincika mahaifun shanu masu tagwaye da ake samu a mayanka, ya ga cewa inda jijiyoyin suka haɗu macen ta lalace, inda ba su haɗu ba kuwa lafiyarta ƙalau. Kuma ba sai an jira shekara uku ana ciyarwa ba. Likita yana iya auna zurfin farjin maraƙar da ɗan bututu mai santsi tun tana wata ɗaya: mai lafiya takan kai santimita 13 zuwa 15, juya kuwa takan tsaya a 5 zuwa 8. Aiki ne na mai ilimi, kada a gwada a gida.

Baffa daga Yola:
To, in akwai awo, a auna. Ni dai abin da nake tsoro shi ne a ji kalmar juya a janye mata nono.

Likitan dabbobi daga Jos:
Wannan tsoro daidai ne, Baffa. Ko juya ce tana yin nama mai kyau, kuma kuɗinta a kasuwa yana bin yadda aka raine ta a watanni ukun nan. Abin da nake hana Malam shi ne ya gina lissafin garkensa a kanta, ya sayar da wata karsana mai kyau yana jiran wannan.

Dillalin shanu daga Maigatari:
Ni a ganina tushen wahalar duka shi ne wannan gauraya da shanun Turawa. Shekara nawa muna ganin Bunaji da Rahaji da Bokoloji suna haihuwa a daji ba mai taimako, tagwaye kuwa sai mutum ya tsufa bai ga biyu ba.

Ɗalibin koyon likitancin dabbobi daga Samaru:
Alhaji, akwai gaskiya a maganarka, domin tagwaye sun fi yawa ga shanun nono irin su Firisiyan, musamman waɗanda suka yi haihuwa biyu ko uku, kuma wadda ta yi sau ɗaya tana iya maimaitawa. Amma gaurayar da cibiyar binciken dabbobi ta Shika ta daɗe tana yi tsakanin Bunaji da Firisiyan an yi ta ne domin nono, kuma nonon ne ke ciyar da gidan Malam. Wahalar haihuwar da aka fi gani ma ba ta tagwaye ba ce, ta ƙaramar karsana ce da aka haɗa da ƙaton bijimi tun ƙugunta bai buɗe ba. Wanda ya zaɓi ruwa biyu sai ya ɗauki nauyinsu: ya rubuta ranar barbara, ya sa a duba cikin da na'ura a wata na biyu domin a lokacin ake iya gane tagwaye, ya kuma ware saniyar tun saura mako biyu.

Mai gona daga Giwa:
Assalamu alaikum. Yau kwana ashirin da uku, na ga ya dace in dawo da labari. Mabiyiya ta faɗi a rana ta shida, amma a rana ta huɗu zafin uwar ya kai 40, likita ya zo ya yi mata allura ya kuma ɗebi jini, sakamakon ya nuna ba bakkale. Mun bi tsarin Hajiya, a rana ta biyar na tarar da uwar tana lasar macen ba wanda ya riƙe ta. Macen ta yi zawo kwana uku a mako na biyu, gwiwarta ta hagu ta ɗan kumbura, an yi mata magani ta sabe. Jiya na auna su, namijin kilo 27, macen 21. Ƙwaryar matata a kife take, ta koma sayen nono daga ruga tana yin kindirmonta domin kada ta rasa masu saye. Likitan ya ce zai dawo mako mai zuwa da bututun awo. Baffa, duk abin da awon ya nuna, ita ce za ta ci gaba da fara kama nono. Hajiya, ina da sauran tambaya ɗaya: idan wata biyun suka cika, da nono ɗaya zan fara tatsa in bar musu uku, ko in jira sai na ga macen tana cinye dusarta tukuna?